Kwaya ko Mujalla: Wanne Ɗalibi Zai Riƙe a Shekararsa ta Farko?

Ɗan ƙanwata ya shiga aji ɗaya a wata babbar makaranta a Jos, ko wata biyu bai cika ba aka yi masa tayi biyu a mako guda. Shugaban mawaƙa na majami'ar da yake zuwa ya ji shi yana taɓa kibod bayan an tashi sujada, ya ce ya zo ya zama mataimakin mai kiɗa. Su kuma shugabannin zumuntar ɗalibai suna neman wanda zai tayar da mujallarsu da ta kwanta shekara biyu, sai wani ya ce ai yaron nan ya iya alƙalami. Da dare ya kira ni. "Kawu, duka biyun ina so, kuma duka biyun aikin Ubangiji ne. Wanne zan ce wa a'a?"

Na daɗe ina rera bas, wato murya mai kauri, a kwaya, ƙungiyar mawaƙan majami'a, na kuma riƙe wata ƙaramar mujallar matasa har ta fito sau biyar, don haka na san nauyin kowanne. Abin da na faɗa masa a daren shi na faɗaɗa a nan, domin ba shi kaɗai ba ne. Duk shekara sababbin ɗalibai na shiga zumuntar ɗalibai Kirista, irin su FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ko NIFES da ta zo a 1968, ko zumuntar ɗarikarsu, kuma da an hango mai baiwa sai a yi masa caa. Da "kai" zan yi magana, amma 'yan mata har da ku nake.

Abin da za mu auna

Ban sa kira cikin ma'auni ba. Wannan tsakaninka da Allah ne, kuma babu ɗaya cikin ayyukan nan da ya fi ɗan'uwansa tsarki. Abin da zan iya aunawa guda biyar ne. Na farko lokaci, ba yawan sa'o'i kaɗai ba, har da yadda aikin ke cin su: kaɗan-kaɗan kullum ne, ko a dunƙule lokaci guda. Na biyu kuɗi, da aljihun da za su fito. Na uku sauƙin farawa. Na huɗu ƙarko, wato abin da zai saura a hannunka shekara goma bayan ka bar makaranta. Na biyar haɗari. A bisa dukkansu kuma akwai magana guda: karatu iyayenka suka turo ka yi. Jami'o'inmu da yawa suna da dokar cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lacca kafin ya zauna jarrabawa, kuma malami ba zai karɓi uzurin cewa kana koyon waƙa ko kana gidan buga takardu ba.

Kiɗa da waƙar sujada

Kwaya ba ta san hutu ba. Ka ɗauka ana koyon waƙa sau biyu a mako, sa'a biyu-biyu, ga Lahadi da za ta ci sa'a huɗu idan ka haɗa da zuwa da wuri a jona wayoyi da naɗe su bayan an watse. Takwas ke nan. Mai kibod kuma dole ya zauna shi kaɗai aƙalla rabin sa'a kullum, in ba haka ba yatsu su yi tsami. Ka ga an doshi sa'a 12 a mako, ba a sa bikin auren Asabar ba, ba a sa jana'iza ba, ba a sa watan Disamba da makon Ista ba. Sai dai lokacin nan sananne ne. Ka san Talata da Alhamis da yamma ba naka ba ne, sai ka shimfiɗa karatunka a sauran. Ga wanda ya iya bin tsari, wannan babban sauƙi ne.

Kuɗi ya danganta da inda ka tsaya. Mai rera waƙa da murya kusan ba abin da zai kashe sai littafin waƙoƙi da ankon kwaya da kuɗin mota. Mai kibod zai iya farawa da na majami'a, amma ba zai yi nisa ba sai ya mallaki nasa, domin na majami'a yana kulle a ofishin fasto ranar da hannunka ke ƙaiƙayi. Ƙaramin Yamaha cikin jerin PSR-E mai maɓalli 61 ya ishi mai koyo shekaru, yana kuma aiki da batir idan an ɗauke wuta. Kayan waje ne, farashinsa dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 sabo ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi da yawa. Ka nemi na hannu, amma ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya, ka jijjiga wayar wutar ka ga ko tana yankewa. Ka haɗa da abin sawa a kunne saboda abokan ɗaki. Kuɗi ne mai nauyi amma sau ɗaya, kuma kayan naka ne, ranar matsi za ka iya sayarwa. Kada ka shiga da tsammanin albashi. Wasu manyan majami'un birni suna biyan makaɗa, amma a yawancin namu abin da ɗalibi zai gani bai wuce kuɗin mota da "Allah ya sa albarka" ba.

Farawa da murya ba wuya. Kwayoyinmu da solfa suke koyo, do re mi fa so, kuma mai kunne zai kama cikin 'yan watanni. Kibod ne ke da zurfi. Ga jarrabawar gaske: ana tsakiyar ba da baiko a majami'a, wata uwa daga Zumuntar Mata ta miƙe ta ɗauko waƙa ba tare da ta gaya wa kowa ba, a inda muryarta ta ga dama, tulu da ganga sun riga sun shiga, jama'a sun amsa. Kai kuma kana da daƙiƙa biyar ka rage sauti, ka lalubo matakin da ta ɗauka da yatsa ɗaya, ka shiga a hankali kamar da ma tare kuka tashi. Matakan nan 12 ne, makaɗa na ce musu kii. Matasa da yawa ɗaya kawai suke koyo, sauran sai su danna maɓallin da ke sauya musu. Wannan gajeriyar hanya ce da ke gurgunta hannu. In ka zaɓi kiɗa, ka ɗauki kii ɗaya kowane wata, shekara guda ka zagaye su duka.

Akwai wani abu a nan da nake so mai jin Hausa ya lura da shi, domin shi ne wurin da za ka fi amfani. Waƙoƙi da yawa na cikin littafin waƙoƙinmu daga Turanci aka juyo su, aka bar musu karinsu na asali. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere. Idan karin waƙa ya ja gaɓar farko ta "gari", garin da ake zama ya koma garin tuwo. Shi ya sa waƙoƙin Zumuntar Mata da na 'yan Sabon Rai masu bishara da waƙa, waɗanda da Hausa aka haife su, suke shiga zuciya tun a ji na farko, tsohuwa ta rera su tana tankaɗe. Ɗalibin da ya iya solfa, ya kuma san inda Hausa ke hawa da inda take sauka, zai iya tsara sababbin waƙoƙin da murya huɗu za su rera ba tare da an karya wa kalma wuya ba. Irin waɗannan mutane sun yi ƙaranci ƙwarai. Manhajar MuseScore kyauta ce, za ka iya rubuta waƙar da ita ka ji yadda muryoyin ke haɗuwa kafin ka kai wa kwaya.

Wajen ƙarko, kiɗa dukiya ce da ɓarawo ba ya ɗauka. Duk garin da bautar ƙasa ko aiki ya jefa ka, Lahadin farko za ka sami 'yan'uwa. Mai son takardar shaida yana da hanya: jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Birtaniya mataki 1 zuwa 8, makarantar kiɗa ta MUSON a Legas, sashen kiɗan ikkilisiya a makarantar tauhidi ta Baftis da ke Ogbomosho, ga kuma makarantar da mawaƙin bishara Panam Percy Paul ya kafa nan Jos. Makarantun kuɗi na ɗaukar malaman kiɗa, iyaye na biya a koya wa 'ya'yansu a gida. Amma kada ka dubi Panam ko Solomon Lange ko Jeremiah Gyang ka ɗauka can kowace hanya take ɓullewa. Mafi yawan makaɗan ikkilisiya da wata sana'a suke ci da iyalinsu.

Haɗarinsa na farko a zuciya yake. Yaro ɗan shekara 18 da ke gaban jama'a kowace Lahadi, ana yaba masa, in bai sami mai ja masa kunne ba kansa zai kumbura. Na biyu dare: koyon waƙa kan kai ƙarfe takwas, kuma wanda ya zauna Jos ko Kaduna ya san yadda gari kan rikice a sa dokar hana fita. Ka zaɓi majami'ar da ke kusa da masaukinka, kada ka dawo kai kaɗai. Na uku jiki. Zama dab da lasifika shekara da shekaru yana cin kunne a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ƙurar hunturu da sanyin Jos kuma abokan gabar maƙogwaro ne, ruwan ɗumi ya zama abokin tafiyarka.

Mujalla

Wannan ma aiki ne mai asali. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939. Mishan ɗin SIM ya fara buga mujallar African Challenge a Legas a 1951, wadda daga baya ta zama Today's Challenge a hannun ɗarikar ECWA a Jos. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa tun 1932 yake hannun mutane, wato masu karatun Hausa a ikkilisiya sun kusa shekara ɗari da samuwa. Duk da haka ka shiga shagon littattafan coci ka duba abin da aka rubuta da Hausa domin matasa, za ka fito da sanyin jiki. Fili ne da ke jiran manomi.

Yadda mujalla ke cin lokaci daban yake da na kwaya. Mako shida za su wuce ba abin da kake yi sai bin mutane: "Ɗan'uwa, ina rubutun nan?" "Wallahi gobe." Fasto ya yi alkawarin gabatarwa, ya tafi taro. Sai kwatsam komai ya taru a kwana goma na ƙarshe, gyara, tsara shafi, neman hoto, zirga-zirgar gidan bugu, barci ya ƙaurace. Matsalar ita ce ana son mujallar ta fito ranar bikin sallamar masu gamawa ko babban taron shekara, su kuwa waɗannan kusan kullum a bakin jarrabawa suke. In ka karɓa, sharaɗinka na farko shi ne kai za ka sa ranar fitowa, kuma ta kasance cikin makonni shida na farkon zango.

Kuɗi kuwa a nan gizo ke saƙa. Shafukan mujalla huɗu-huɗu suke tafiya, domin takardar A3 ɗaya idan aka ninke ta tana ba da shafi huɗu na A4. Mujalla mai shafi 16 takarda huɗu ce, kwafi 200 kuma takarda 800 ke nan, ban da waɗanda inji zai ɓata, ban da bango mai kauri. Bugun launi a babban inji faranti huɗu yake ci a kowace fuska, shi ya sa ba ya araha sai kwafi ya yi yawa. Kwafi kaɗan gara injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, ko a yi bango da launi, ciki baƙi da fari. Yawancin takardar daga waje take zuwa, ita ma dala take bi, ga man janareta da ya tashi tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Farashin da mai bugu ya ba ka yau ba lallai ya kai mako biyu ba, don haka ka zaga wuri uku, kowa ya rubuta maka nasa da kwanan wata.

Bambancinsa da kibod shi ne wannan kuɗi ba naka ba ne, kuma kowace fitowa sai an sake nemo shi. Daga saƙonnin taya murna ake tara shi, da tallar masu shaguna, da alkawuran ranar ƙaddamarwa. Alkawarin da aka yi a gaban jama'a da lasifika ba duka ke zama kuɗi ba, 'yan'uwa kuma da yawa suna ganin abin coci kyauta ne. Na ga editan da ya gama makaranta mai bugu na binsa bashi har gidan iyayensa. Dokoki biyu nake ba kowa: kada a kai aiki gidan bugu sai kuɗin ya cika a hannu, kuma edita kada ya zama ma'aji. Ko sisi kada ya bi ta asusunka.

Akwai mafita mai sauƙi: a fitar da ita a PDF a raba ta WhatsApp. Kusan ba kuɗi sai data. Sai dai a tsara ta daidai fuskar waya, layi ɗaya, harafi manya, fayil mara nauyi. Dattawan da za su tallafa kuwa takarda suke so su riƙe, don haka a buga musu 30 ko 50 kawai.

Farawa kamar ba wuya, kowa na ganin ya iya rubutu. Gyaran rubutun wani ne ke da wuya, musamman in ya girme ka, ka mayar da shafi biyar zuwa biyu ba tare da ka ɓata masa rai ba. Tsara shafi ana koyonsa cikin 'yan makonni da manhajar Canva ko Scribus, amma gidajen bugu da yawa CorelDRAW suka saba da shi, ka tambaye su tun farko. Mai buga Hausa kuma ya kula da ƙ da ɗ da ɓ. A fitowarmu ta biyu na kai aiki lafiya lau, mai bugu ya buɗe a kwamfutarsa wadda ba ta da irin harafinmu, duk inda ƙugiya take ya zama ɗan akwati. Kwafi 150, tun daga bango. Na zauna a bakin shagon da ƙunshin a cinyata, na tuna matan da suka cire daga kuɗin cefane suka ba mu, hawaye suka zo mini. Tun ranar ba na miƙa aiki sai a PDF da harafin a ƙulle ciki, kuma sai an buga mini kwafi ɗaya na karanta shi daga farko har ƙarshe na sa hannu. In mujallar za ta ɗore, a nema mata lambar rajistar mujallu, wato ISSN, mai alƙaluma takwas a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Ita mujallar kanta ba ta cika daɗewa ba, yawanci tana kwantawa ne ranar da mai ɗauke da ita ya gama makaranta, sai in ya horar da na bayansa tun yana aji biyu. Amma abin da ta koya maka yana shiga kowane ofis: rubutu mai tsabta, fassara, tsara shafi, lissafin kuɗin aiki, da iya sa mutane su cika alkawari. Kwafi uku da sunanka a matsayin edita hujja ce da za ka ajiye a teburin mai ɗaukar aiki a gidan rediyo, gidan jarida ko ƙungiyar fassara.

Haɗarinta ya fi na kwaya kaifi. Kuskuren mai kiɗa iska ke tafiya da shi, na edita yana nan a rubuce da sunansa. Zargin da ba hujja kan wani zai iya kai ka kotu kan ɓata suna. Kalma ɗaya ta rashin ladabi ga addinin maƙwabta, a garuruwan da muke zaune tare, tana iya jawo abin da ya fi ƙarfin zumuntar gaba ɗaya. Kwafo rubutu ko hoton wani daga intanet saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ne, wadda ke kare rubutu da waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai su, kuma wannan ya shafi kwayar da ke son naɗar waƙar wani ta sayar. Kowane shafi ya bi ta idon uban zumunta ko fasto kafin a buga.

| Ma'auni | Kiɗa da waƙa | Mujalla |
|---|---|---|
| Lokaci | Sa'a 8 zuwa 12 kowane mako, ba hutu | Kaɗan na makonni, sai kwana goma na matsi |
| Kuɗi | Murya kusan kyauta, kibod kuɗi mai yawa sau ɗaya | PDF kusan kyauta, takarda kuɗi kowace fitowa |
| Aljihun wa | Naka | Na jama'a, amana ce |
| Sauƙin farawa | Murya sauƙi, kibod shekaru | Farawa sauƙi, gyara da bin mutane wuya |
| Ƙarko | Yana hannunka muddin kana taɓawa | Mujallar kan mutu, ƙwarewar na bin ka |
| Haɗari | Girman kai, dare, kunne da murya | Bashi, ɓata suna, karo da jarrabawa |

To, wa ya dace da me?

In karatunka mai nauyi ne kullum, irin likitanci, injiniya ko haɗa magunguna, ka shiga kwaya da murya kawai, ko ka zama mataimakin mai kiɗa da aka yanka wa ranaku. Kwana goman mujalla za su iya cinye maka zango guda. In kana karanta aikin jarida, Hausa, Turanci ko tauhidi, mujalla rabin karatunka ce, ka karɓa, ka fara da PDF mai shafi takwas kafin ka taɓa kuɗin kowa. In aljihunka babu nauyi kuma ba mai saya maka kibod, kada ka ci bashi dominsa, murya da alƙalami ba sa neman jari. In kai mai kunya ne da kaɗaici ke damu a sabon wuri, kwaya za ta ba ka dangi cikin wata guda. In kuwa ba ka iya ce wa babba "Baba, a rage wannan sakin layi" ba, ko ba ka iya bin bashi ba, ka yi wa mujalla rubutu amma kada ka zama editanta tukuna.

Riƙe duka biyun a matsayin jagora a shekarar farko kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ga ta uku, wato karatu. Abin da zai yiwu shi ne ka riƙe ɗaya da hannu biyu, ɗayan ka taɓa shi da yatsa.

Shi ɗan ƙanwata kimiyya yake karantawa, ɗakin gwaji na riƙe shi har biyar na yamma sau uku a mako. Ya koma wurin shugaban mawaƙa ya ce zai zo koyon waƙar Asabar da sujada ta biyu ranar Lahadi, ban da makonni uku na jarrabawa, aka amince. 'Yan mujalla kuma ya ce su ba wata 'yar aji uku mai karanta aikin jarida, shi zai riƙa kawo shafi ɗaya da Hausa kowace fitowa. Na farkon da ya turo mini in duba, hira ce da wata tsohuwa mai buga tulu a Zumuntar Mata, tana ba shi labarin yadda ta koyi kiɗan a hannun kakarta.